Warin Kulorin a Bakin Tafki

Yayana ne ya ɗauki maganar takarda da zafi, amma ni na fara furta ta. In za a raba laifin abin da ya biyo baya, to a fara lissafi daga bakina.

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Makarfi. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai in hau babur in koma ƙauyenmu da ke yankin Taba, a ƙasar Kudan. Gidanmu gidan rake ne. Tun da mahaifinmu ya rasu Yaya ke riƙe da gona da injin matsa rake da tukwanen mazarƙwaila, kuma shi ke riƙe da mu. Shi ya kai ni makaranta ya tsaya a kaina har na zama malamin da nake taƙama da shi. Shekara goma sha biyu ya ba ni, ban kuma taɓa zama a kujera yana tsaye ba.

Injin yana barin tuƙa tuli guda, wato busasshen raken da aka matse wa ruwa. Da ita ake hura wutar mazarƙwaila, sai dai tun da aka bar matsa rake da doki aka koma inji tuƙar ta fi ƙarfin wutar. Wata Asabar muna zaune a gindin tulin na yi suɓul da baka na ce a wasu ƙasashe da irin wannan sharar ake yin takarda. Yaya ba a yi masa zance a iska. Kafin wata Asabar ta zagayo ya sayo duro biyu, ya sa kafinta ya haɗa masa firam huɗu an ɗaure musu ragar sauro, yana jirana a zaure.

Aikin ba wuya, sai cin ruwa. A daddatsa tuƙa a jiƙa, a dafa ta da sodar da mata ke yin sabulu har ta yi lugub, a wanke, a kai injin markaɗe ta fito da kauri. Kunu muke ce mata. A zuba kunun a faffaɗan baho, a tsoma firam a ɗago a hankali, ruwa ya tsiyaye, a kife a kan ƙyalle, a danne, a shanya. Baƙin ruwan dahuwar na san mugu ne, don haka na sa aka haƙa masa rami nesa da kwarin da ke bayan rumfar aikin. Wannan na yi daidai, kuma na daɗe ina fakewa da shi.

Takardar farko ta fito da launin mazarƙwaila. Yaya ya kai wa wani mai buga katin biki a Zariya, ya juya ta, ya yaba kaurinta, sannan ya ce babu amaryar da za ta yarda a buga sunanta a kan abin da ya yi kama da buhun siminti. In ta yi fari zai karɓi duk abin da muka iya yi.

Da na dawo mako na gaba, tun daga ƙofar gida warin ya tare ni. Yaya ya sayo bokitin hodar kulorin.

Sai na yi bayanin matsayin hodar nan a garinmu, in ba haka ba za a ɗauki yayana wawa, alhali ya fi ni hankali. Shekarun baya an yi annobar amai da gudawa, aka riƙa kai gawa maƙabarta safe da yamma. Yaya ya binne 'yarsa ta biyu a lokacin. Ta ukun tana kwance idanu sun faɗa sai ma'aikatan lafiya suka zo suka bi rijiyoyi suna zuba wannan hodar, aka daina mutuwa, yarinyar ta tashi. Tun daga nan warin kulorin ya zama warin lafiya a wurinmu. Tsofaffi in suka ji shi a ruwa sai su yi bisimilla su sha da kwanciyar rai.

Kunun ya yi fari tas cikin rabin yini. Amma kafin warin ya fita daga jikinsa sai an ɗauraye shi sau biyar ko shida, ramina kuwa ko na duro ɗaya ba zai ɗauka ba. Na zagaya bayan rumfar na tarar Yaya ya ja kwata da fartanya, ta gangara ta shiga kwarin da ke zuba a tafkin gari.

Na ce, “Yaya, da ruwan nan ma an haƙa masa rami.”

Ya ce, “Ramin me, Malam? Abin da ake zubawa a rijiya a sha? Ai sadaka muka yi wa tafkin. Ko tsutsa ɗaya ba za ta saura ba.”

Na san ba haka ba ne. Abin da ake sa wa rijiya ɗan kaɗan ne, a aune, mu kuwa da kwano muke kamfata. Na kuma san in kulorin ya haɗu da jan ƙaron da ke jikin rake, wanda shi ne muke son cirewa, yana haifar da wasu sinadaran da ba sa tafiya da sauri. Sukan kwanta a laka, su shiga jikin abin da ke cikin ruwa. Na koyar da wannan a aji da alli a hannuna, har da zane a allo. Amma na dubi mutumin da ya binne 'yarsa, wanda ya biya kuɗin karatun da na san wannan ɗin da shi, na ce, “To, Yaya.”

Haka muka ci rani. Mata suka gano kwatar, suka riƙa zuwa da bokitai suna ɗibar ruwan wankin fararen kaya suna sa mana albarka. Ni kuma kowane mako in ce mako mai zuwa zan yi magana. Ruwan sama ya daɗe da ɗaukewa, tafki yana janyewa, abin da muke sakar masa bai ragu ba.

Tafkin nan yana da mai shi. Sarkin Ruwa muke ce masa, dattijo ne siriri mai ƙarancin magana, aminin mahaifinmu tun suna samari. A al'adar garinmu, daga ɗaukewar damina ba mai jefa ƙugiya ko raga har sai ya buɗe su, wato kamun kifin gayya, da bazara, a shiga gaba ɗaya rana guda, kowa ya kama rabonsa. Tsakanin nan amanar ruwan tana wuyansa. Safe da yamma yana zagaya shi da sanda, fiye da shekara talatin, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Ranar su ta shekarar an cika. An zo daga Kudan da Makarfi, har da mutanen Ikara a bayan akori-kura. Makaɗa na kiɗa, mata sun jera tukwanen suya a kan tudu. Sarkin Ruwa ya yi addu'a ya ɗaga sanda, maza suka ruga da homa da gora. Ni ina tsaye a gaɓa ina kallo.

Da ma a irin wannan rana ba a minti biyar sai ka ji ihu ta ko'ina. Ranar sai ƙarar ruwa kawai ake ji. Mutum ya tsoma homa ya ɗago, laka. Ya matsa gaba ya sake, laka. Wani ya fito da tarwaɗa ɗaya ramammiya, jikinta duk gyambo, ya buɗa kumatunta inda ya kamata a ga ja sai ga shi fari-fari ya lalace. Karfasa ko ɗaya ban gani ba. Makaɗan suka sassauta, suka yi shiru da kansu. Matan suka fara sauke tukwane ba wanda ya ce musu.

Ruwa ba ya tsami banza, in ji wani a bayana. Kafin la'asar an samo wanda ya tsamar da shi. Aka ce ai a wani gari an taɓa yi, mai tsaron ruwa ya haɗa baki da masunta daga nesa, suka zuba maganin feshi suka kwashe kifin da ya taso. Wani ya tuna cewa Sarkin Ruwa ya yi sabon rufin kwano a bana. Kowa ya san mijin 'yarsa ne ya yi masa, amma ranar ba mai son tunawa. Dagaci ya ce a haɗu a zaurensa ranar Juma'a mai zuwa. Ko mutum ɗaya bai waiwayi kwatarmu ba, ga warinta kuwa yana dukan hancin kowa. Wa zai zargi magani?

Na sami Yaya a rumfar takarda kafin magariba yana jera katin da ya bushe. Na durƙusa.

“Yaya, ina jin ruwanmu ne.”

“Kana ji?”

“Ruwanmu ne.”

Ya ajiye katin. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. “Hodar da ta tsayar da mutuwa a gidan nan ita ce ta kashe kifi? Boko bai ce ka zo ka raina wa mutane hankali ba. Kuma ko da wasa kada in ji ka je gaban dagaci ka ce gidan ubanka ne ya kashe tafki. Ka ji ni?”

Na ce na ji.

A kan babur, hanyar Makarfi, na ƙulla dabarar da na ɗauka hikima ce. Ba zan je wa Yaya da baki kawai ba. Zan nemo hanyar farar da kunu ba da kulorin ba, in kawo masa hujjar da zai gani da idonsa, in ya yarda mu je gaban dagaci tare, ba wanda ya tozarta wani. Na ce kwana biyar sun ishe ni. Yanzu da nake rubuta wannan na san sunan dabarar nan tsoro.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Manyan masana'antun takarda da yawa sun daɗe da rage kulorin ko barinsa saboda abin da ya yi wa koguna, wasu suka koma iskar oksijin da haidurojin. Haidurojin ɗin nan shi ne wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa, sai dai na aiki ya fi na kemis ƙarfi nesa ba kusa ba, yana ƙona fata. Kyansa shi ne in ya gama aiki yakan rabu ya koma ruwa da iskar da muke shaƙa. Ranar Litinin bayan an tashi na je Zariya na sayo galan guda wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu.

Gwajin farko ya watse. Na yi shi a tsohuwar tukunyar ƙarfe, tsatsar ta sa haidurojin ya tashi da kumfa ya ƙare kafin ya taɓa kunun. Na koma bahon roba, ruwan ya yi sanyi, kunu ya kwana bai canza ba. Na ɗumama ruwan, na ƙara 'yar soda, ta yi yawa, kunun ya koma rawaya. Ina haushin kaina ina haushin galan ɗin da ke raguwa. Juma'a ta zo ba ni da abin nunawa. Na ce wa zuciyata zaman ƙauye ba a gama shi rana ɗaya, za a yi ta ka-ce-na-ce a ɗage. Na yi sallar Juma'a a Makarfi na koma ɗakin gwaji, karon farko cikin shekaru da ban je gida ba.

Ba a ɗage ba. Wani maƙwabcinmu ya kira ni a waya ranar Asabar da yamma ya ba ni labari. An tambayi Sarkin Ruwa, ya ce bai sayar da ruwa ba, bai kawo kowa ba. Aka kawo Alƙur'ani aka ce ya dafa ya rantse cewa bai san komai ba game da abin da ya sami tafkin. Ya dubi littafin ya ce ba zai rantse ba. Aka tambaye shi dalili, ya yi shiru. Nan take zauren ya ɗauka da hayaniya, aka karɓe sandar daga hannunsa. Washegari da sassafe ya ɗaure kayansa ya tafi wurin 'yarsa a Saulawa, ƙasar Ikara.

Na zauna a kan benci da wayar a hannu, kunya ta rufe ni.

Sai ranar Talata kunun ya ba ni abin da nake nema. Bai yi farin kulorin ba, ya tsaya a launin kindirmo. Na bar ruwan ɗaurayarsa a rana ya yini ya kwana, na cika jarka. Na sayi 'ya'yan karfasa goma wurin wani mai kiwon kifi, na ɗaure su a bokiti a bayan babur, na nemi izini a makaranta na kama hanya ranar Laraba.

Na tarar da Yaya shi kaɗai a rumfa. Muka gaisa. Na ajiye baho biyu a gabansa, na cika ɗaya da ruwan jarkata, ɗayan na je na ɗebo daga kwatarmu yana kallo. Na sa kifi biyar nan, biyar can. Ya ce, “Wannan kuma wane wasa ne?” Na ce, “Yaya, don Allah ka zauna.”

Ya zauna. Na san in kifin kwatar suka yi ƙarfin hali suka rayu, na gama magana a gidan nan har abada. Da farko duka goman suna yawo. Can na bahon kwata suka fara tasowa sama suna buɗe baki, suna dukan gefen robar. Ɗaya ya karkata ya miƙe, ya sake karkata. Yaya ya matso da kujerarsa. Kafin a kira azahar biyar ɗin sun juya ciki sama, na ɗayan bahon suna ta zagayensu.

Ya sa hannu ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana dubawa. Ya ce, “Amma a rijiya…” bai ƙarasa ba. Na ce masa na rijiya a aune yake, kuma mutum ba ya numfashi da ruwa. Ya tashi ya ɗauki fartanya ya je ya toshe kwatar da ƙasa, yana dannawa da ƙafa. Da ya dawo na ce zan je wurin dagaci. Ya ce, “Zauna. Ni na ja kwatar, ni ne babba.” Ya sa hularsa ya fita. Ban taɓa ganin girman yayana kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin ƙanƙantata kamar ranar ba, don shi cikin sa'a guda ya yi abin da na kasa rani guda.

Gari ya yi ta magana, wasu har yau ba su yarda magani ne ya yi ɓarnar ba. Mun koma haidurojin, ruwan ɗauraya kuma yana kwana a rami kafin a sake shi. Mai katin Zariya ya yi tsaki ya rage abin da yake karɓa, muka sami wasu masu son launin haka. Tafkin sai da damina uku ta wanke shi sannan aka sake kiran ranar su, kuma har yanzu bai koma yadda yake ba. Amma duk wannan daga baya ne.

A makon da Yaya ya je wurinsa dagaci ya aika Saulawa a ba dattijo haƙuri ya dawo ya karɓi sandarsa. Ɗan aiken ya dawo da godiya kawai. Yaya ya ce shi ba shi da idon da zai dube shi tukuna, in fara zuwa.

Na same shi a inuwar wata bishiyar mangwaro a ƙofar gidan surukinsa, yana tufkar igiya da rama. Na cire takalmi na durƙusa. Ya tambayi Yaya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi makaranta da rake da zafi. Sai da gaisuwa ta ƙare tas na ce, “Baba, ruwan takardarmu ne ya kashe kifin. Mun zo neman gafara.”

Bai daina tufka ba. Ya ce, “Na yi zargin haka, ɗana. Tun tsakiyar rani kwaɗi suka daina kuka ta bakin kwari. Na bi kwarin da ƙafa har na ga inda ruwan ke fitowa.”

“Me ya sa ba ka yi magana ba, Baba?”

“Na tsaya a wurin na shaƙi warin, na ce wannan ai na rijiya ne. Zuciyata ba ta kwanta ba. Sai na ce da kaina, kai tsoho, gidan nan akwai malamin kimiyya, yaron kirki, da abin yana cutarwa da ya hana. Sai na juya.” Ya tofa wa tafinsa yawu ya ci gaba da murzawa. “Ranar zaure kuwa, ba zan dafa Alƙur'ani in ce ban san komai ba alhali akwai abu a raina. Ba kuma zan kira sunan 'ya'yan aminina a gaban taro a kan zato ba. Sai na ga sanda ta fi sauƙin bayarwa.”

Ya ce, cikin taushin murya, kamar yana lallashina, “Kada ka damu kanka. Wanda bai sani ba ba a kama shi. Allah ya yi wa karatun nan albarka da ya sa ka gano. Yaushe ka gane, bayan sun ne?”

Ya ba ni ƙofa a buɗe, in na ce e shi ke nan, ba mai sani sai Allah. Na ji kalmar ta zo har bakina.

Na ce, “Tun ranar farko, Baba.”

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana son ya tabbatar ɗan wa ke durƙushe a gabansa. Daga nan ya juya ya kira 'yarsa ya ce ta kawo wa baƙo ruwa.

Da na tashi tafiya ya ce in gaida Yaya, in faɗa masa ya yafe masa duniya da lahira. Na ɗan tsaya da takalmi a hannu ina jiran sauran maganar. Ya sunkuya ya ɗauki ramarsa.